Wa Ya Ja Layi A Bakin Sahara?

A watan Disamba na shekarar 2025 ne kamfanin Creative Assembly, wanda ke da mazauni a garin Horsham na ƙasar Ingila, ya yi shelar cewa ya soma aikin wani sabon wasan kwamfuta mai suna Total War: Medieval III. Kamfanin ya bayyana cewa aikin bai wuce matakin share fage ba, balle a yi zancen ranar fitowa. Masu sha'awar irin waɗannan wasanni sun yi ta murna, domin kuwa shekara goma sha tara ke nan suna jira, tun fitowar na biyu a 2006. Mu kuwa abin da ya ja hankalinmu a cikin sanarwar shi ne wannan batu na share fage. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan har akwai mai ƙorafi, to yanzu ne ya kamata ya buɗe baki, tun ba a yanke shawarar inda taswira za ta tsaya ba. Mu muna da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne.

Ga wanda bai taɓa zama gaban irin wannan wasa ba, bari mu ɗan yi bayani a taƙaice. Ana shimfiɗa wa mai wasa taswira, a damƙa masa ragamar wata daula, sa'an nan a bar shi ya san yadda zai yi da ita. Shi zai yanka haraji, ya gina ganuwa da kasuwa, ya aurar da 'ya'yan sarki don ƙulla zumunci da maƙwabta, ya tura manzanni da 'yan leƙen asiri, ya kuma tara rundunar da zai kai hari da ita. In runduna biyu suka yi kiciɓis, sai taswirar ta kau, filin daga ya bayyana, ya ga dubban barade da dakaru suna jiran umurninsa. Dara ce, sai dai darar da gurabenta birane ne, 'ya'yanta kuma mutane masu suna da asali. Wasan na 2006 ya ɗauko tarihi daga shekarar 1080 zuwa 1530, kuma har yau akwai masu buga shi.

To, a can ƙasan taswirar wannan wasa, wajen kusurwar kudu maso yamma, bayan an ƙetare wani makeken fili mai launin rairayi, akwai wani ɗigo da aka rubuta wa suna Timbuktu. Ba shi da sarki, ba shi kuma da tutar kansa. A bisa dokar wasan, duk garin da ba ya hannun ɗaya daga cikin daulolin da aka zaɓa, sunansa garin 'yan tawaye, saboda haka Timbuktu ma ta zama ta 'yan tawaye. Tawaye ga wa? Oho. A kewayenta kuwa an ajiye zinariya da hauren giwa. Sai ya zamana cewa ɗaya daga cikin darussan farko da tsofaffin hannu ke koya wa sababbi shi ne su tura fatakensu can su zauna a kan zinariyar, ko kuma su aika da 'yar ƙaramar runduna ta kama garin, kuɗi su riƙa shigowa ba gumi. Wannan shi ne iyakar abin da wasan ya sani game da ƙasashen baƙar fata na yammacin Afirka cikin shekara 450. Rami ne da ake haƙa a kwashi dukiya, babu mai shi.

Da zarar an ta da wannan magana, sai masu kare kamfanin su miƙe su ce ai kalmar Zamanin Tsakiya ta Turawa ce. Malaman Italiya ne suka ƙago ta don su sa wa shekarun da ke tsakanin faɗuwar Rum ta yamma a 476 da farfaɗowar ilmi a nasu zamanin suna. Tun da suna nasu ne, in ji su, labari ma nasu ne, sai a bar masu abu da abinsu. Da mun karɓi wannan hujja hannu bibbiyu, in da a ce kamfanin da kansa ya yi aiki da ita. Amma ina! A cikin wannan wasa dai akwai Masar da Turkawa, akwai Mongol da ke faɗowa daga gabas, akwai rundunar Taimur da giwayenta. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a ƙarshen wasan ana iya ƙera jirgin ruwa a ƙetare Tekun Atlantika a je a yaƙi mutanen Aztek a ƙasar da ake kira Meziko a yau. A 2007 ma sai da aka ware wa nahiyar Amurka taswira guda cikin ƙarin da aka yi wa wasan. Wato dai taswirar ta iya ninƙaya ta haye teku, amma hamada ta gagare ta. Alhali kuwa ayarin raƙuma yana ƙetare hamadar nan tun ɗaruruwan shekaru kafin wani Bature ya san akwai Amurka. Ibn Battuta ya taso daga Sijilmasa a 1352, cikin wata biyu ya isa Walata, a tsakiyar fatake waɗanda wannan tafiya ita ce sana'arsu ta kowace shekara.

Bari mu ɗauki hujjar a kan nata ma'aunin, mu ce labarin Turai kaɗai ake son bayarwa. Ko a haka ma ba ta tsira ba. Daular Musulmin yamma da wasan ya ɗora a kan Maroko da kudancin Sifen a 1080, a tarihi ita ce ta Murabiɗun, waɗanda suka fito daga cikin Sanhaja na Sahara. Kafin su waiwayi Andalus, sai da suka kama Sijilmasa da Audagust a tsakiyar shekarun 1050, wato bakin hanyar zinariya na arewa da na kudu. Da wannan ƙarfi ne Yusuf ɗan Tashfin ya karya Alfonso na Shida a yaƙin Zallaƙa a 1086. Dinarinsu ya yi suna har Kiristocin Sifen suka kwaikwaye shi, kuma sunan kuɗinsu na marabedi daga sunan Murabiɗun ya samo asali. Biranen Jenowa da Filorens sun soma buga kuɗin zinariya a 1252, Benis ta bi sahu a 1284, kuma babban kaso na zinariyar da ke zagaya Bahar Rum a wannan zamani daga Bambuk da Bure take fitowa, ta hannun sarakunan da ke karɓar fito a kanta. Neman hanyar zuwa wajen wannan zinariya yana cikin abin da ya kai Fotugal kama Sabta a 1415, ya kuma kai ta gina ganuwar Elmina a 1482. Duk wanda ya ba da labarin arzikin Turai na wancan lokaci ya cire Gana da Mali, tamkar wanda ya ba da labarin tuwo ne ya ce babu ruwansa da manomi.

Su kansu Turawan wancan zamani ba su yi wannan kuskure ba. A wajen 1375 an zana wata shahararriyar taswira a tsibirin Majorka, wadda ake danganta ta ga Abraham Cresques, tana nan ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Faris. A ƙasanta an zana sarkin Mali zaune bisa karaga, da kambi a kansa, yana riƙe da curin zinariya. Labarin hajjin Mansa Musa na 1324 ne ya kai can, hajjin da al-Umari ya ce shekara goma sha biyu bayansa darajar zinariya ba ta farfaɗo ba a Alƙahira. Mai karatu ya dubi wannan abin mamaki: mai zanen taswira na ƙarni na 14, wanda ba shi da komai sai alƙalami da labarin matafiya, ya san akwai sarki a wurin, amma mai zanen taswira na 2006, da dukan ɗakunan karatun Ingila a bayansa, ya share sarkin ya bar curin zinariyar.

Ba Mali kaɗai ba ce. Al-Bakri, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068, shekara biyu kacal bayan yaƙin Hastings da Ingilishi ke ji da shi, ya ce sarkin Gana yana iya fitar da mayaƙa 200,000. Ko da an zubar da tara cikin goma na wannan adadi a matsayin zuƙi-ta-malle irin na masu labari, abin da ya rage ya fi ƙarfin rundunar da ta ci Ingila. Kanem ta miƙa hannu har Fezzan a ƙarni na 13, kuma a 1257 ta aika wa sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa, Ibn Khaldun ya rubuta labarin. Manzannin Habasha sun halarci taron coci a Filorens a 1441. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Italiya ya kammala littafinsa a 1526, kuma a ciki ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Borno. Shekarar 1526 tana cikin shekarun wasan.

Da wannan muka amsa hujja ta biyu tun ba a kawo ta ba, wato cewa wai babu isassun bayanai. Rubuce-rubucen Larabawa a kan yammacin Afirka an tattara su an fassara zuwa Ingilishi tun 1981, aikin Levtzion da Hopkins. John Hunwick ya fitar da fassarar babban ɓangaren Tarikh al-Sudan a 1999. Palmer ya buga fassarar Tarihin Kano tun 1908. Wannan kamfani dai shi ne ya yi wasa sukutum a kan yaƙin Troy a 2020, yaƙin da madogararsa waƙa ce, ya kuma yi wani a kan Fir'aunonin Masar da maƙwabtansu a 2023, ya cike duk giɓin da ya tarar da hasashe ba tare da gezau ba. Ashe ƙarancin bayani ba ya hana aiki sai an zo kanmu.

Hujja ta uku ita ce ta kuɗi, kuma ita kaɗai ce muke ganin tana da ƙanshin gaskiya. Kowace daula da aka ƙara tana bukatar masu zane su zana mayaƙanta da gine-ginenta, da masu murya, da masu gwaji, da watanni na aiki. Ba mu ce dole kowane wasa ya ɗauki duniya a ka ba. Ga misalin Manor Lords nan, wanda wani mutumin Polan mai suna Greg Styczeń ya shafe shekaru yana ƙerawa kusan shi kaɗai, ya fitar da shi a watan Afrilu na 2024 tun bai kammala ba, aka sayi fiye da miliyan guda cikin kwanakin farko. Shi bai yi alkawarin duniya ba. Ya tsaya a yankin Frankoniya na Jamus a ƙarshen ƙarni na 14, ya dubi yadda sa ke jan gungume, da yadda ake hutar da gona don kada ta gaji, da yadda manomin da aka kai fagen fama in ya mutu ake rasa hannu guda ranar girbi. Babu baƙar fata a ƙauyensa, mu kuma ba mu da ta cewa, domin bai taɓa kayanmu ba. Rigimarmu da wanda ya shigo gonarmu ne ya ɗebi amfanin, sa'an nan ya rubuta a takarda cewa daji ne.

Sai dai fa kada a ɗauka cewa da an sa sunanmu a taswira shi ke nan magana ta ƙare. A nan ne ma take farawa, kuma a nan muke rabuwa da 'yan'uwanmu masu saurin tafi. A 'yan shekarun nan an soma tunawa da mu. A 2021 an ƙara Hausawa cikin Age of Empires III, da Sarauniya Amina a matsayin jagora, har da mahayan lifidi. A 2025 Amina ta sake fitowa cikin Civilization VII. Ba za mu ɓoye ba, akwai daɗi mutum ya ga kalmar lifidi a allon kwamfuta ta fito daga hannun wanda bai taɓa ganin hawan salla ba. Amma misalin da ya fi cancantar a zauna a kansa shi ne Crusader Kings III, na kamfanin Paradox da ke Suwidin, wanda ya fito a watan Satumba na 2020. Wannan wasa ya yi abin da muke nema a fuska: taswirarsa ta sauko har gaɓar teku, akwai Hausawa da Kanem da Gana, kuma cikin mutanen da aka zaɓo aka tallata wa mai wasa ya fara da su a shekarar 867 akwai Daurama ta Daura tare da mijinta Bayajida.

Mu bar zancen shekarar, ko da yake tun 1970 Abdullahi Smith ya yi gargaɗi a kan ɗaukar labarin Bayajida a matsayin bayanin yadda daulolin Hausa suka kafu. Mai wasa yana da damar ya ari tatsuniya, ba mu hana shi ba. Abin dubawa shi ne tsanin da aka kafa wa Daurama ta hau. Tana farawa ne a matsayin shugabar ƙabila, wanda a dokar wasan shi ne matakin ƙasa, mai gine-gine kaɗan da ci gaba mai iyaka. In tana son ta fita daga nan, sai ta rungumi tsarin iyayen ƙasa irin na Turai, ko kuma takwaransa da aka keɓe wa Musulmi. Kafin haka kuwa sai addininta ya zama tsararre. Addinin da aka ba ta an sa masa suna Bori, an kuma lissafa shi cikin waɗanda ba a gyara ba, gyaran kuwa shi ne ta mallaki wuraren da aka ce masu tsarki ne, ta zaɓi ginshiƙan aƙida daga cikin jeri, ta yanke ko za a naɗa shugaba guda. Akwai ma lambar yabo ta musamman ga wanda ya fara da Daurama, ya gyara addinin gargajiya, ya shimfiɗa shi a kan Afirka baki ɗaya. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san wannan riga ba a jikinmu aka gwada ta ba. Bori harka ce ta iskoki da girka da neman magani. Tsafin da Tarihin Kano ya ba da labari, na Tsumburbura da Barbushe, a gindin Dala yake, na mutanen Dala ne, ba a ɗaukarsa a kai wa mutanen Kufena, domin su ma suna da nasu. An ɗauko ƙwaryar coci ne, da aƙidarta rubutacciya da shugabanta da wa'azinta, aka kife a kan abin da ba shi da wannan siffa. Saƙon da ke ƙarƙashin dokar shi ne hanyar ci gaba guda ɗaya ce, ta bi ta Turai, mu kuwa muna can baya a kanta.

Abin da ya sa muka nace ke nan cewa hukuncin da wasa ke yankewa a kan tarihi a cikin dokokinsa yake, hoton mayaƙi ado ne kawai. In aka ɗauki jarumin Faransa aka tuɓe masa sulke aka sa masa lifidi, aka baƙanta fuskarsa, dokar da ke tafiyar da shi ba ta canja ba, to Bafaranshe ne ya yi shigar tashe.

Da masu ƙera sabon wasan za su saurara, da sun tarar cewa abin da suke gudu a matsayin nauyi, shi ne zai ba wasansu sabon ɗanɗano. A wannan yanki ƙasa tana da yalwa, mutane ne ke ƙaranci, saboda haka ƙarfin sarki ba a faɗin dajinsa ake auna shi ba, a yawan masu bin sa ne. Sarkin da ya tsananta haraji zai wayi gari ya tarar ƙauye guda ya kwashe ya koma ƙarƙashin wani, an bar masa kufai. Wannan doka kaɗai ta isa ta juya yadda ake buga wasan, domin cin gari da yaƙi ba zai ƙara zama riba ba in mutanensa sun gudu. Haka zalika lokaci. Mayaƙi manomi ne, da damina yana gona, koguna da fadamu kuma sun tare wa doki hanya, sai bayan kaka ake buga tambarin yaƙi. Shi kansa dokin, wanda shi ne ƙashin bayan runduna, yana da iyakar da ba sarki ne ya ja ta ba: in ya nausa kudu ya shiga ƙasar ƙudan tsando, sammore ya kashe shi, ga kuma maharba da kibau masu dafi a cikin duhuwar daji. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, bayan da mayaƙansa suka sha wuya, wato ga gasar makamai nan a rubuce, tana jiran mai ɗauka. Ganuwar Kano ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai da duwatsun Dala da Goron Dutse, don in an yi wa birni ƙawanya mutanen karkara su shigo da dabbobinsu a ci gaba da rayuwa. Wanda ya saba da ƙawanyar ƙaramar ganuwar dutse ta Turai, inda yunwa ke gama aiki, sai ya sake lale. A kan kogin Kwara kuwa Sonni Ali, wanda ya yi mulkin Songhai daga 1464 zuwa 1492, da rundunar jiragen ruwa ya yi ta cin garuruwa.

Sarauta ma haka. Babu dokar da ta ce lalle ɗan fari ne zai gaji uba. 'Ya'yan sarki da 'yan'uwansa duk suna da ido a kan karaga, masu zaɓen sarki ne ke yanke hukunci, kowane ɗan sarki kuma yana neman nasa mutane a fada. Muhammadu Rumfa, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1463 zuwa 1499, an danganta masa kafa Tara ta Kano da kasuwar Kurmi da ba bayi da babanni manyan muƙamai, dabarar da ke rage wa dangi ƙarfi. A zamaninsa ne al-Maghili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan mulki. Mai neman makirci da kutungwila a fada, me ya rasa a nan? Ga kuma madugu da zango da rijiyar da in ta ƙafe ayari guda ya halaka, ga gishirin Taghaza da na Bilma, ga goron Gwanja.

Ba mu kuma nemi a yi mana kwalliya ba. Wanda zai sa mu a wasa, ya sa mu da tabonmu. Bauta tana tsakiyar wannan tattalin arziki. Tarihin Kano da kansa ya ce Kanajeji yana aika wa Kwararrafa dawaki tana aiko masa da bayi. Leo Africanus ya ce a Borno ana ba da bawa goma sha biyar ko ashirin a kan doki guda. A wajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Borno ya rubuta wa Sultan Barƙuƙ na Masar takardar kuka cewa wasu Larabawa suna kama talakawansa, 'ya'ya kuma Musulmi, suna sayarwa, al-Ƙalƙashandi ya adana takardar. Doki yana kawo bawa, bawa yana sayo doki, wannan ne injin da ya tuƙa yaƙe-yaƙe da dama. Wasan da ya nuna Mansa Musa da curin zinariya ya ɓoye wannan, ƙarya ya yi mana, ko da kuwa ƙaryar mai daɗin ji ce.

Wani zai ce duk wannan kumfar baki a kan wasa? Sai mu tambaye shi littafin tarihi nawa ne matashi ke zama a kansa awa ɗari biyu da son ransa. Mai karanta littafi yana iya musu da marubuci. Mai buga wasa kuwa bin doka yake yi don ya ci, in ya tura fatake Timbuktu sau hamsin ya ga riba sau hamsin, darasin ya shiga hannunsa tun bai bi ta kansa ba. Yaron da ke Landan ko Seoul haka zai koya, haka ma yaron da ke Legas ko Jos, wanda wataƙila bai taɓa jin sunan Kanajeji a aji ba.

A nan tilas mu juyo da yatsa gida, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ma'aikacin da aka ba aikin zana mayaƙin Kano a Horsham ba zai zo Gidan Makama ba, abin da ya samu a intanet cikin mako guda da shi zai yi aiki. Me zai samu? Kundayen digiri a kan kayan yaƙi da sarautu da kirarin mazaje da gine-ginen gargajiya suna nan jibge a kantocin sassan Hausa da na tarihi, ƙura tana cin su, ba a buga ba, ba a ɗauki hotonsu an sa inda za a gani ba. Waɗannan wasanni a buɗe suke ga masu yi musu gyaran fuska, da yawa daga dokokin Crusader Kings III a rubuce suke cikin fayilolin da ɗalibi mai kwamfutar cinya zai iya buɗewa ya canja, kuma mutanen wasu ƙasashe sun daɗe suna gyara nasu yankin da kansu. Wasan bai zo da Hausa ba, mu kuma ba mu zauna mun yanke me za mu kira muƙamai da rundunoninsa ba, alhali Madawaki da Galadima da Ƙaura da Sarkin Baka da 'yan karma suna nan a bakin tsofaffi. A Kamaru wasu matasa sun kafa Kiro'o Games sun fitar da wasansu a 2016 duk da matsalar wutar lantarki. Wasa irin wannan yana bukatar marubuta fiye da yadda ake zato: wanda zai rubuta abin da manzo zai faɗa a gaban sarki, da yadda Madawaki zai ƙi umurni ba tare da ya ce a'a ba, da abin da maroƙi zai jefa wa ragon da ya juya baya. Wannan aikin masu alƙalami ne, kuma babu wanda zai yi shi daga Suwidin.

Ga kamfanin na Horsham kuwa, bukatarmu ba ta da sarƙaƙiya. In za su sauko kudu da hamada, su sauko da gaske, da Gana da Mali da Songhai da Kanem da biranen Hausa, kowace da sarkinta da dokokin da suka dace da ƙasarta, su kuma nemi masana daga Bamako da Yamai da Zariya da Maiduguri tun ana share fage, kada a bari sai an gama gini a kira su duba fenti. In kuwa kuɗi ko lokaci ba zai bari ba, to su ja layinsu a Sijilmasa, su rubuta cewa zinariyar da ke isowa nan sayo ta ake yi daga hannun wasu sarakuna da ke kudu, masu iya rufe hanya in sun ga dama, sa'an nan su cire Timbuktu daga jerin garuruwan 'yan tawaye.